BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: SHIRIN JARRABAWAR TURANCI

Kamar yadda kowa ya sani, a ƙarshen kowace shekarar karatu ƙannenmu 'yan aji uku na ƙaramar sakandare sukan yi jarrabawar fita, wadda ake kira BECE. Hukumar NECO, wadda aka kafa a 1999, mai hedkwata a Minna, ita ke shirya wa makarantun Gwamnatin Tarayya tasu, jihohi da yawa kuma suna shirya nasu. To, a cikin dukan takardun da ake yi babu wadda ke sa yara zullumi kamar ta Turanci. Maƙasudin wannan ɗan rubutu nawa shi ne in nuna wa ƙannena inda ramukan wannan jarrabawa suke, da yadda za su tsallake su, sa'an nan in roƙi iyayenmu su sa hannu.

Da farko dai ya kamata mu san abin da ya sa Turanci ya zama uwa ma ba da mama a makaranta. In ka ɗebe darussan harsuna, irin su Hausa da Larabci, kusan dukan sauran darussa da Turanci ake tambayarsu, da shi kuma ake amsawa. Yaro yana iya sanin lissafi sarai, amma in bai gane abin da tambaya ke nufi ba, sai ya yi noma a gonar wani. Bayan shekara uku kuma ga jarrabawar WAEC, hukumar da aka kafa tun 1952, ko ta NECO, kuma jami'a ba ta ɗaukar wanda ba shi da kiredit a Turanci, kome kyan sauran sakamakonsa. Haka nan a jarrabawar JAMB, wadda aka kafa a 1978, kowa yana zaɓen darussansa ne gwargwadon abin da yake so ya karanta, amma Turanci tilas ne a kan kowa. Akwai yayyenmu da ke zaune a gida shekara biyu ko uku, iyaye suna ta biyan kuɗin sake jarrabawa, saboda wannan darasi guda. Tushen abin kuwa tun daga ƙaramar sakandare yake, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin da na lura da shi shi ne, yawancin kurakuran da Bahaushe ke yi a Turanci suna da asali ɗaya. Yaro yakan tsara maganarsa da Hausa a zuciya, sa'an nan ya bi ta kalma kalma yana sa mata rigar Turanci. Saboda haka wanda ya san wuraren da harsunan nan biyu suka raba hanya, ya san inda mai gyaran takarda zai sa jan biro tun kafin ya sa. Ga waɗansu daga ciki.

KALMA ƊAYA A HAUSA, DA YAWA A TURANCI

Ɗauki kalmar "ji". Bahaushe yana jin magana, yana jin yunwa, yana jin wari, yana jin Larabci. Bature kuwa kowanne da kalmarsa. Magana ce kaɗai ake yi wa "hear". Mai jin yunwa ya ce "I am hungry", mai jin wari ya ce "I can smell", mai jin harshe ya ce "I understand". Wanda ya rubuta "I hear Arabic" da nufin yana jin Larabci, ya yi asarar maki.

Haka "sha" take. Muna shan ruwa, mu sha magani, mu sha mangwaro, mu sha rake, har mu sha wahala. A Turanci abu mai ruwa ne kaɗai ake yi wa "drink". Magani "take" ake yi masa, mangwaro "eat", rake "chew", wahala kuwa "suffer".

Babban tarkon da masu tsara tambayoyi ke so shi ne na aro. Mukan ce "na ari biro", mu kuma ce "ara mini biro", duk saiwa ɗaya. Turanci ya raba su: mai karɓa shi ke yin "borrow", mai bayarwa kuwa "lend". Don haka "borrow me your pen" kuskure ne, daidai shi ne "lend me your pen". Koyo da koyarwa ma haka suke: ɗalibi yana yin "learn", malami yana yin "teach".

Sai kuma 'yar ƙaramar kalmar nan "a". Mukan ce a gida, a Kano, a ƙasa, a ranar Litinin. Turanci sai ya ce "at home", "in Kano", "on the ground", "on Monday". Waɗannan ba su da wata dabara sai yawan karatu, har kunne ya saba.

Akwai kuma "ina zuwa" da mukan ce in za mu fita mu dawo. In ka ce wa Bature "I am coming" alhali ka ba shi baya kana tafiya, sai ya rasa gane kanka. Abin da ake cewa shi ne "I will be back soon".

AIKATAU DA WAKILIN SUNA

A nan ne aka fi zubar da maki. A Hausa lokacin aiki yana jikin wakilin suna ne: ya rubuta, zai rubuta, yakan rubuta, bai rubuta ba. Duba da kyau, "rubuta" tana nan yadda take, abin da ke gabanta ne ke sauyawa. A Turanci kuwa aikatau ɗin kansa ne ke sauya kama: "write", "writes", "wrote", "written". Shi ya sa yaro zai fara ba da labarin abin da ya faru jiya, ya rubuta "yesterday I go to market", don a zuciyarsa kalmar jiya ta riga ta gama aikin. Tilas ne a ce "went". Aikatau masu taurin kai irin su "go", "see", "eat", "buy", "teach" da "bring", waɗanda ba su karɓar "ed" a ƙarshe, ba su da magani sai hadda. A bayan ƙamus da littattafan nahawu akwai jerinsu. Wanda ya haddace biyar kowace rana, kafin wata ɗaya ya kwashe waɗanda ake bukata.

Kada kuma a manta da "s" ɗin nan da ake liƙa wa aikatau in ana maganar mutum ɗaya da abin da ya saba yi: "he goes", "she cooks", "my father works". Harafi ɗaya ne, amma a insha'i guda yana iya ɓacewa sau goma, kowanne kuma da jan layinsa.

Har wa yau, a Hausa ba ma cewa "malam zo", sai mu ce "malam ya zo". Wannan "ya" ba ta da wuri a Turanci. "The teacher he came" kuskure ne, "the teacher came" ya isa.

Amma fa muna da tamu sa'ar. Hausa ta bambanta namiji da mace, shi da ita, don haka "he" da "she" ba su cika ba mu wuya ba, alhali Yarbanci da Ibo ba su yi wannan rabon ba a wakilin suna. Inda za mu yi hattara shi ne abin da ba mutum ba. A wurinmu rana mace ce, wata namiji ne, mota mace, gida namiji. A Turanci duk "it" ne.

TILO DA JAM'I

Mukan ce shekara goma, kwana uku, mota biyu, ba tare da mun mai da sunan jam'i ba, don ƙidayar ta wadatar. Turanci bai yarda da haka ba, sai an ce "ten years", "three days", "two cars". A ɗaya gefen kuma akwai kalmomin da muke yi wa jam'i, su kuwa Turawa ba su yi. Muna da shawarwari da bayanai da kayayyaki, amma "advice", "information", "furniture", "luggage" da "equipment" ba a ƙara musu "s" ko kusa. Labarai kuwa, watau "news", ko da yake tana da "s", tilo ce: "the news is good". Ƙamus na ɗalibai, irin na Oxford, yakan sa harafin U a gaban sunan da ba a ƙidaya shi. Mai shakka ya duba.

TAMBAYA DA AMSA

In aka ce wa Bahaushe, "Ba ka ci abinci ba?" sai ya ce, "I, ban ci ba." Watau ya gaskata mai tambaya. Bature kuwa aikin yake dubawa, in ba a yi ba sai ya ce "No, I haven't", in an yi ya ce "Yes, I have". Ba a taɓa haɗa "yes" da "not" a amsa ɗaya.

Sa'an nan mu "ko ba haka ba?" ɗaya gare mu, kowace magana muka yi sai mu ɗora mata. Wannan ya sa waɗansu ke liƙa "isn't it?" a bayan kome. A Turanci wutsiyar tana bin aikatau ne da mai aikin: "he came, didn't he?", "they are here, aren't they?", "she cannot swim, can she?" In maganar tabbatawa ce wutsiya ta zama korewa, in korewa ce wutsiya ta zama tabbatawa. Irin wannan ba ya rasa fitowa a tambayoyin zaɓi, waɗanda muke kira canki-canka.

FURUCI

Turanci yana da haruffa 26, amma sautukansa sun kai 44, daga ciki 20 wasula ne. Mu kuwa wasulanmu biyar ne, kowanne da gajere da dogo, sai tagwaye irin su "ai" da "au". Tsawon wasalin nan yana taimakonmu. Kunnen da ya saba raba garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo, ba zai kasa raba "ship" da "sheep" ba, ko "full" da "fool".

Wahalarmu tana wajen baƙaƙen da babu su a Hausa. Ba mu da "p" daban da "f", don haka "pan" da "fan", ko "pull" da "full", sukan zame mana abu ɗaya, har cutar ta bi mu cikin rubutu. Ga yadda ake raba su: "p" leɓɓa biyu ake haɗewa a sake su da ƙarfi, "f" kuwa haƙoran sama ake ɗorawa a kan leɓen ƙasa a hura iska. Riƙe 'yar takarda a gaban bakinka, in ka faɗi "pan" daidai za ka ga ta yi tsalle. Haka "v" da "b", kamar a "vote" da "boat". Ita kuwa "th" mukan mai da ita "s" ko "z", sai "think" ta koma "sink". Maganinta shi ne a sa kan harshe a tsakanin haƙora.

Bugu da ƙari, Hausa ba ta son baƙaƙe su cunkushe a farkon kalma, shi ya sa kakanninmu da suka ari "bread" suka mai da ita burodi, "driver" ta zama direba. A Hausa daidai ne, amma a Turanci kada a cusa wasali inda babu. A kuma lura da haruffan da ake rubutawa ba a faɗarsu, kamar "k" a "knife", "b" a "comb", "t" a "listen", da "s" a "island".

INSHA'I DA WASIƘA

Kafin ka ɗora biro, karanta tambaya sau biyu, ka tabbata ko labari ake so, ko siffantawa, ko muhawara, ko wasiƙa. Ɗauki minti biyar ka jera kanun abin da za ka faɗa, kowane kai ya zama sakin layi guda. Yi gajerun jimloli waɗanda ka tabbatar da su. Manyan kalmomin da ba ka san ma'anarsu sosai ba, bar su, domin rigar aro ba ta rufe katara. Fara kowace jimla da babban baƙi, haka sunayen mutane da garuruwa da ranaku da watanni, da kalmar "I" a duk inda ta faɗo. Gajarce-gajarcen da ake yi a saƙon waya, irin su "u" da "pls", da kuma buroka, a bar su a ƙofar ɗakin jarrabawa.

Wasiƙa iri biyu ce. Ta zumunci, zuwa ga aboki ko ɗan'uwa, adireshinka kaɗai take ɗauka da kwanan wata, ka gaisa yadda kake so, ka rufe da sunanka na fari. Ta aiki kuwa, kamar zuwa ga shugaban makaranta ko na ƙaramar hukuma, adireshi biyu take ɗauka, naka da nasa. Sai "Dear Sir" ko "Dear Madam", sai kan magana, sa'an nan ka faɗa cikin batu kai tsaye. A nan ne tarbiyyarmu ke ja mana, don a wurinmu rashin kunya ne ka tunkari babba ba ka tambayi lafiyarsa da ta iyalinsa ba. To, a wasiƙar aiki ta Turanci ba a yin wannan gaisuwa. Ladabin yana cikin tsabtar magana ne. A rufe da "Yours faithfully", a sa hannu, a rubuta cikakken suna a ƙasa.

AUNA FAHIMTA

Karanta labarin sau ɗaya don ka san inda ya dosa, ka duba tambayoyin, sa'an nan ka sake karanta shi a tsanake. Amsa tana cikin labarin, kada ka kawo abin da ka sani daga waje. In ka gamu da baƙuwar kalma kada gabanka ya faɗi, dubi maƙwabtanta na gaba da na baya, su za su tona mata asiri. In an ce ka kawo wata kalma a madadin wata, sa taka a gurbin ka karanta jimlar, in ta zauna daram to ita ce.

YADDA ZA A YI GWAJI

Sanin dukan waɗannan ba ya wadatarwa sai an yi ta yi da hannu. Ga shawarata.

Na farko, sami ƙaramin littafi ka sa masa suna littafin gyara. Duk inda malami ya ja maka jan layi, kwafe kuskuren a hagu, daidai a dama. Kafin wata biyu za ka ga ashe abu biyar ko shida ne kake ta maimaitawa. Su za ka sa wa ido.

Na biyu, rubuta insha'i ɗaya kowane mako, ka ba abokinka ya duba, kai ma ka duba nasa, don laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani. Abin da ya gagare ku ku kai wa malami ko wani na gaba da ku, matambayi ba ya ɓata.

Na uku, tambayoyin shekarun baya suna da amfani, amma a yi su yadda ake yin jarrabawa: a rufe amsoshi, a ajiye agogo, a yi shiru a lokacin firef. In an gama a duba, duk wadda aka faɗi a nemi dalili. Wanda ya haddace cewa amsar lamba bakwai ita ce C, bai koyi kome ba, don bana ba za ta zo a lamba bakwai ba.

Na huɗu, karanta ko da shafi biyar ne kowace rana, wani lokaci da babbar murya. Laburare na nan. Wanda bai san inda zai fara ba ya nemi "The Passport of Mallam Ilia" na Cyprian Ekwensi, wanda ya fito a 1960. Gajere ne, Turancinsa mai sauƙi, labarin kuma a ƙasarmu ta Arewa ya faru. A riƙa sauraron labaran Turanci a rediyo kuma, don kunne ya sami rabonsa.

ROƘO GA IYAYE

Iyayenmu, ko ba ku jin Turanci kuna da abin yi. Ƙamus ɗaya zai yi wa yaro aiki har ya gama sakandare, ƙannensa su gada. In mun zo hutu, a ba mu ko da awa ɗaya ce a rana ba aike ba talla, mata da maza. A sa yaro ya karanta takardar asibiti ko jarida ya fassara da Hausa, nan take za a gane ko yana fahimta. In kuwa wani ya zo ya ce a kawo kuɗi a taimaki yaro a ɗakin jarrabawa, don Allah a ƙi. Dokar hana maguɗin jarrabawa ta 1999 ta tanadi tara ko ɗauri, ana kuma soke sakamako. Ko an tsira ma, yaron zai shiga aji huɗu da takardar da ba zai iya karewa ba, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne.

GWADA KANKA

Kowace jimla a nan tana da kuskure ɗaya. Rufe amsoshin da hannu, ka gyara.

1. Please borrow me your ruler.
2. My sister she is in class two.
3. Last week we buy a goat.
4. He drank two tablets.
5. The teacher gave us good advices.
6. I spent three year in the village.
7. You are tired, isn't it?
8. My brother play football every evening.
9. We shall travel in Friday.
10. Haven't you eaten? Yes, I haven't.

Amsoshi: 1. lend. 2. A cire "she". 3. bought. 4. took. 5. advice. 6. years. 7. aren't you? 8. plays. 9. on Friday. 10. No, I haven't.

Wanda ya ci takwas ko fiye, ya kama hanya, sai ya ƙara himma wajen insha'i. Wanda ya ci ƙasa da biyar kada ya karaya, ya koma sashen da ya faɗi ya sake karantawa, ya ƙirƙiro jimloli biyar nasa na kansa a kan kowanne, ya kai a duba masa. Yau da gobe ita ke sa allura ginin rijiya. Ƙannena 'yan aji uku, a fara tun yau. Allah ya ba da sa'a, amin.